Ruwan da Agogo Yake Miƙawa Baya

Karo na uku ke nan da ciwon ya kawo shi wannan ɗakin jira, har ya san kujerar da ba ta girgiɗi. Ya zauna a kanta a karkace, hannunsa na hagu dafe da kwiɓi, yana kallon fanka tana juyawa a sama kamar an sa ta dole. Matarsa na gefensa da jaka a cinya. A cikin jakar akwai katin asibiti, da tawul, da wata 'yar kwalbar magani da ta ajiye tsakuwoyi biyun da suka fita daga ƙodarsa a baya. Ta farkon ba ta wuce kan ashana ba, ta biyun ta ɗan ɗara ta. Idan 'yan dubiya suka ce a nuna musu, sai su juya kwalbar su ce, "Wannan 'yar abar?" Shi dai sai ya kau da kai. Ya san yadda 'yar abar take sa babban mutum ya ciji filo.

Agogo ake ce masa. A wurin aiki da filin gudu duk haka ne, har surukarsa da wannan sunan take kiransa. Siriri ne mai dogayen ƙafafu, ya haura arba'in, furfura ta fara masa daga gemu. Wanda ya gan shi a hanya ba zai waiwaya ba. Amma duk wanda ya taɓa shiga gudun fanfalaki a garin, wato dogon tseren nan da ake tare manyan tituna dominsa sau ɗaya a shekara, ya san bayansa ko da bai san fuskarsa ba.

Tun yana sakandare ya faɗa hannun wani mai horar da 'yan gudu, wanda kowa ke kira Koci. Koci yana da usur a wuya da doka ɗaya a baki: ruwa nauyi ne. Yaro zai yi ta zagaya fili har rigarsa ta manne da baya, in ya zo wurin bokiti sai ya kurkure baki ya tofar. Wanda aka kama ya haɗiye, zagaye ya ƙaru masa. In an tashi, yaran sukan jeru a bayan katanga, wanda fitsarinsa ya fi ja kamar shayi shi ne ya yi aiki a ranar. Da haka suka tashi, kuma babu wanda ya ga aibun abin.

Koci ne ya fara gane abin da Allah ya ba shi da abin da bai ba shi ba. Wata rana bayan an tsere masa a zagayen ƙarshe, kamar yadda aka saba, ya kira shi gefe ya ce, "Kai ba ka da ƙarshe, amma kana da tsakiya. Ƙafarka ba ta ƙari, ba ta ragi." Gaskiya ce. In aka ce masa ga saurin da ake so, zai ɗauke shi ya riƙe, hawa da gangara, ba tare da ya kalli tsintsiyar hannunsa ba. Daga nan sunan ya samo asali, daga nan kuma sana'ar.

Aikinsa a tsere shi ne jan gaba. Manyan 'yan gudu, waɗanda ake sa ran su ci, suna buƙatar wanda zai shige gabansu ya tsayar musu da sauri, ya tare musu iska, su kuma su bi bayansa ba tunani. In an ci kashi biyu cikin uku na hanya sai ya ratse gefe, ya hau motar da ke kwasar waɗanda suka gaji, su kuma su je su ƙarasa a ɗauke su hoto. Bai taɓa hawa dandamalin karɓar kyauta ba, kuma bai taɓa cewa an zalunce shi ba.

Akwai wani ƙaramin abu a cikin aikin wanda ya fi kowa iyawa. A kan hanyar tsere ana jera tebura, a ɗora gorunan ruwa na manyan 'yan gudun. Ɗaukar gora ana cikin gudu ba wasa ba ne: wani ya kuskure ta, wani ya yi karo da ɗan'uwansa, wani ya taka wadda aka yar. Agogo sai ya ɗan karkata, ya zare gorar da hannun dama, ya miƙa ta baya ta gefen cinya, bai waiwaya ba, bai ɓata taku ba. Na bayansa ya karɓa ya sha. Shi kansa ba ya ajiye tasa gorar a tebur, tunda ai ba zai kai ƙarshe ba. Shekara da shekaru yana wannan, har hannun ya koyi abin ya daina shawara da kai. A gida ma in matarsa ta ba shi kofi a tsaye, sau da yawa sai ta ga kofin ya zagaya ya nufi bango.

Gudu ba ya ciyar da irinsa. Abincinsa yana ɗakin wanki na wani babban otal, can ƙarƙashin ƙasa, inda ba taga. Yana tsaye gaban injin guga mai faɗin ƙofa, yana zura masa zanen gado ta nan yana karɓa ta can, tururi na dukan fuskarsa. Banɗakin ma'aikata yana hawa biyu a sama, makullinsa kuma na aljihun shugaban sashe. Kowa a ɗakin ya san hanya mafi sauƙi ita ce kada ka sha abin da zai sa ka nemi makulli. Ga Agogo wannan ba wahala ba ce. Ya riga ya ƙware.

Tsakuwar farko ta zo masa ne yana gaban injin. Ya ji kamar an soka masa ƙusa a kwiɓi ana murzawa, ciwon na gangarowa mara. Ya yi amai a kwandon tawul. Ta biyun ta same shi a motar kwasar gajiyayyu, aka ɗauka zafin rana ne. Duk biyun sun fita da kansu bayan ruwan da aka ɗura masa a jijiya, duk biyun kuma an sallame shi da magana ɗaya: ka riƙa shan ruwa. Yakan ce to. Yakan yi mako biyu yana yawo da gora, sai ya manta ta a mota ko a kan injin, rayuwa ta koma yadda take.

Wannan ta ukun ta ƙi fita. Da aka kira su ciki, likitar ta juyo musu da hoton da aka ɗauka, ta ɗora biro a kan wani wuri mai duhu. Mace ce mai magana a hankali, da alamar ita ma tun safe ba ta zauna ba.

"Malam, ka ga nan? Tsakuwar ta tare hanya, kuma ta daɗe a wurin. Ƙodar hagu ta kumbura, aikinta ya ragu. Abin da ya tafi ba lallai ne ya dawo ba. A ta dama ma ga wata ƙarama tana kwance. In kana dogon gudu, kana shan ruwa?"

"Ba teburin da nake wucewa ban ɗauki ruwa ba, Likita."

Matarsa ta gyara zaman jakarta. Malamar makarantar yara ce, ta saba da amsar da ba ƙarya ba ce kuma ba gaskiya ba. Ta ce, "Likita, tambaye shi inda ruwan yake zuwa in ya ɗauka."

Da aka yi mata bayani, likitar ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biron ta ce, "Ba zan ce ka daina gudu ba. Da yawa suna gudu ba su taɓa yin tsakuwa ba. Amma kai jikinka mai yin ta ne, kuma kullum a bushe kake barinsa. Gumi ya kwashe, ba ka mayar ba, fitsari ya yi kauri, daga nan take taruwa. Ka rage gishiri. Ka bar ƙwayoyin ciwon jikin nan da kuke haɗiya kamar alewa. Ka sha ruwa har fitsarinka ya yi haske, a gida, a wurin aiki, da cikin gudun kansa. In ba za ka iya ba, to ka ajiye takalmin. Ba ka da ƙodar da za ka yi wasa da ita yanzu."

Aka shiga da shi ɗakin tiyata aka fasa tsakuwar, aka bar masa wata siririyar roba a ciki na ɗan lokaci. Duk fitsarin da zai yi sai ya dafa bango. Matarsa tana tashi daga makaranta ta wuce asibiti, ta koma gida ta dafa wa yara, ta dawo da kwano. Ba ta yi masa faɗa ba. Hakan ya fi damunsa.

Da aka cire robar ya fara komawa fili, sai ya gano wani abin kunya: bai iya shan ruwa yana gudu ba. Mutumin da ya shayar da zakaru bai san yadda ake haɗa numfashi da haɗiya ba. In ya kai gora baki sai ruwan ya bi ta hanci, ya sarƙe, ya yi ta tari har ido ya kawo ruwa. In ya samu ya haɗiye, sai ciki ya riƙa kwankwatsa, wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari. Yaran da aka haifa bayan ya fara gudu suna wuce shi suna kurɓa hankali kwance.

Koci yana nan, ya tsufa, yana zama a kujerar naɗewa a bakin fili da usur ɗinsa da ba ya hurawa. Ya kalli tarin ya ishe shi, ya ce, "Agogo, ko mu sayo maka bulumbotin jarirai ne?"

"Likita ce ta ce, Koci."

"Likita ta taɓa gudu? Ni ga ni nan, na wuce saba'in, ban san wata tsakuwa ba sai ta cikin takalmi."

Agogo bai musa ba. Gaskiya ne, tsohon bai taɓa yi ba. Ya goge hanci ya ci gaba da zagaye.

A wannan lokacin manyan 'yan gudu sun daɗe da samun matasa masu jan gaba. Abin da ya rage wa Agogo shi ne tuta. Masu shirya tseren sukan zaɓi 'yan mutane kaɗan su ɗaura musu tuta a baya, an rubuta lokaci a jiki. Talakawan masu gudu, direbobi da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa, duk mai son ya gama a wannan lokacin sai ya bi tutar tun daga farko har ƙarshe. Dokar mai sauƙi ce: ka kai mutanenka a kan lokaci, a sake ba ka baɗi. Ka makara, a ba wani. Ladan bai wuce riga da takalmi ba. Amma ita ce kaɗai ranar da ake neman Agogo da suna a lasifika, kuma bai taɓa makara ba. Tun da ya karɓi tutar hannunsa bai canza hali ba. Ya ɗauki kofi a tebur, ya miƙa baya, wani a cikin taron ya karɓa da godiya.

Ana gobe tsere, da yamma, yana zaune a bakin gado yana zura igiyar takalmi, matarsa tana duba littattafan ɗalibanta a ƙasa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baban yara, ba zan hana ka ba. Na gaji da hana ka. Amma in an kwashe ka zuwa asibiti, ka aika a kira tutar ta zo ta riƙe maka bokitin amai."

"Zan sha."

"Haka ka ce bara waccan."

"Na ce zan sha."

Ta juya shafi. "Allah ya sa."

Gari ya waye da zafi tun kafin a tashi. Mutanen tutarsa sun taru a bayansa, sun fi cikin motar haya biyu. A cikinsu akwai Tela, wani maɗinki mai jiki da ya fara gudu bayan an ce masa sukari na neman kama shi. Shekaru yana bin tutar Agogo yana yankewa a hanya, bana kuwa ya rantse sai ya kai ƙarshe tare da ita. Shi ne ya je dubiya asibiti ya juya kwalbar nan, ya ce zai iya yin maɓallin riga da tsakuwar.

A teburin farko Agogo ya tuna. Ya ɗauki kofin takarda ya kai baki, ruwan ya bi ta hanci, rabi ya zube a riga. A na biyu yana lissafin hawan da ke gaba, kafin ya ankara wata mata a bayansa tana cewa ta gode. A na uku ma haka. Rana ta ɗaga, kwalta ta fara mayar da zafi. Leɓɓansa suka bushe, abin da ya saba da shi har yana jin daɗinsa. Sai can wajen tsakiyar hanya ya ji wani nauyi a kwiɓin dama. Ba ciwo ba ne tukuna. Kamar dai mutum ya dafa ka da yatsa ɗaya yana jira ka waiwayo.

Da suka iso tebur na gaba hannun ya ɗauka, ya miƙa baya. Ba wanda ya karɓa. Ya girgiza kofin. Muryar Tela ta zo daga bayan kafaɗarsa, tana fita guntu-guntu.

"Mayar da abinka. Na ƙoshi."

"Karɓi mana."

"Ni ba ni da kwalba a gida. Sha."

Ya yi 'yan taku da kofin a hannu, ruwan na tsalle yana zuba a yatsunsa. Ya san in ya gwada a guje hanci zai sha. Ya san kuma abin da tsayawa take nufi: taku ya lalace, ƙafa ta yi sanyi, kuma ba a wannan teburin kaɗai ba, a duk waɗanda suka rage. Ya tuna bangon banɗakin asibiti, da inda fentin ya goge daidai tafin hannun masu dafawa. Sai ya ratse gefe ya tsaya cak, ya shanye, ya koma baya ya ɗauki na biyu.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne taron. Mutanen nan an gaya musu tun farko su zuba ido a kan tuta kada su yi tunani. Da tuta ta tsaya, sai duk suka tsaya, suna cin karo da juna, suna haki, suna kallonsa yana shan ruwa kamar wani aikin hukuma.

"Ku wuce," in ji shi. "Ku riƙe saurin da muke kai. Zan tsaya a kowane tebur."

'Yan kaɗan suka wuce. Sauran suka ɗauki kofuna su ma.

Haka aka ƙarasa. Ya tsaya a kowane tebur, ya sha a tsaye, ya sake tada ƙafafun da ba su saba da a kashe su a kunna ba. Tsakanin tebur da tebur ya yi ƙoƙarin ya rama abin da ya zube, amma shi ba mai ƙari ba ne, Koci ya faɗa tun tuni. Kusa da ƙarshe ma sai da ya shiga ɗan banɗakin roba da aka ajiye a gefen titi, karo na farko a rayuwarsa ta tsere. Sai da ya sunkuya tutar ta shiga. Mutane suka jira shi a waje.

Sun shiga a makare, ba da yawa ba, amma babban agogon da ke saman ƙofar ƙarshe ba ya jin bayani. Sakataren masu shirya tseren ya zo da kansa ya taya shi kwance tutar.

"Lafiya dai, Agogo? Ƙafa ce?"

"Ruwa na tsaya sha."

Sakataren ya jira ko akwai ci gaba. Da ya ga babu, sai ya naɗe tutar a jikin sandarta ya ce, "To, sannu da ƙoƙari." Bai ce sai baɗi ba.

Tela yana kwance a kan ciyawa, cikinsa na hawa da sauka. Wannan ne karon farko da ya shiga tare da tuta, kuma lokacin da ya yi shekaru yana nema ya kuɓuce masa duk da haka. Ya ce, "Ka cuce ni, mutumin nan."

"Ai na ce ku wuce."

"Mu wuce ina? Bayanka kawai muka sani."

A gida matarsa ba ta tambaye shi lokaci ba. Ta tambaye shi launin fitsari, a gaban yara, suka fashe da dariya. Ya ce ya yi haske. Ta ce to, ta koma kicin. Nauyin kwiɓin ya yi kwana biyu ya lafa.

Da ya koma asibiti aka sake hoto. Ƙodar hagu ba ta ƙara lalacewa ba, ba ta kuma gyaru ba. Ƙaramar tsakuwar dama tana nan inda take. Likita ta ce tana iya fita, tana iya zama, tana iya girma, sai dai a riƙa dubawa. Ta rubuta masa ranar dawowa.

Da shekara ta zagayo aka ba wani matashi tutar. Agogo bai je kallo ba, yana aiki ranar. Yanzu yana sauka ɗakin wanki da babbar gora, matarsa ta ɗaura mata igiya don ya rataya a jikin injin inda idonsa zai riƙa faɗawa. Yana hawa benen nan sau da yawa a yini, har shugaban sashe ya gaji da zaro makulli ya buga ƙusa a bango ya rataye shi, yana mita. Gwiwoyinsa sun fi jin benen fiye da yadda suka taɓa jin titi.

Da sassafe yana fita gudu har yanzu, shi kaɗai, a hankali. Akwai famfo a bayan wani gidan mai, da wani a bakin makarantar matarsa, ya tsara hanyarsa ta bi ta kansu. Yakan tsaya, ya tara hannu biyu ya sha. Ya ce ya fi son famfon da kofi, don ruwan da ke tafin hannu ba ya miƙuwa baya. Sannan ya goge gemu da bakin riga, ya ɗan jira ƙafafun su yarda, ya ci gaba.